Rigar da Na Ɗinka wa Na'urar Jami'a

Tun ranar da na dawo daga Kumasi ban yanka yadi cikin natsuwa ba. Wannan ya leƙo shago ya ce, "Sakatare, yaya Gana?" Wancan ya tare ni a ƙofar masallaci wai ya ji an ba ni lambar yabo. Wani kuma ya rantse an kore ni ne daga ɗakin taro. Duk wanda na fara ba labarin sai ya katse ni a tsakiya ya tambayi abin da ke ƙarshe, ni kuwa ba na ba da labari ta ƙarshe. Saboda haka na zauna na rubuta shi bi da bi. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa, amma a fara daga farko.

Sunana Bukar, tela ne ni a Fagge, kuma ni ne sakataren ƙungiyar telolin layinmu. Layin lungu ne matsattse, shago na kallon shago, kuma kusan kowa da ɗan janaretonsa a bakin ƙofa. In aka ɗauke wuta, wato kusan kullum, sai su tashi gaba ɗaya. Farar shadda in ta wuni a rataye sai an sake wanke ta kafin mai ita ya zo. Maigidana Malam Goni, wanda ya koya mini riƙon almakashi, shagonsa ne a ƙuryar da hayaƙin ke taruwa. Ya daɗe yana tari. A bara abin ya kai in ya yi doguwar magana sai ya tsaya ya dafa keke.

Ana saura 'yan makonni Sallah sai ga wata malamar jami'a, Malama Hadiza, 'yar nan Kano. Ta ce tana aiki da wata cibiyar bincike ta wata jami'a a ƙasar Gana, waɗanda aikinsu shi ne duba yadda iska da ruwa da ƙasar da mutum ke zaune a kai suke taɓa lafiyarsa. Sun zaɓi layuka a Fagge da Sabon Gari. Ta fito da wasu na'urori goma sha biyu, kowace kamar sandar sabulu, ta ce mutum sha biyu za su rataya a ƙirji daga buɗe shago zuwa tashi, har kwana bakwai, na'urar tana auna hayaƙin da mutum ke shaƙa. Layin da aka samu iskarsa ta fi muni, akwai masu tallafi da za su kafa masa sola a kashe janareto, a ga ko tari zai ragu.

Da na ji haka na ce a raina, Malam Goni ya samu sauƙi. Ban ga layin da zai fi mu ba.

Ta ce a rataya a waje, kada ta jiƙe, kada ta faɗi, kowace ɗaya ta fi keken ɗinki tsada. Ta ba ni wata takarda da Turanci mai ƙananan baƙaƙe. Aikin Sallah ya sha mana kai, don haka na ce ta bar komai a hannuna, ta dawo ranar ta takwas. Ta yi godiya ta tafi.

Na jera na'urorin a kan tebur na dube su. Farare tas, sababbi. Na dubi bangon shagona, na dubi fankar da ta zama baƙa. Kayan amana ne, kuma ba a taɓa ba telan Fagge kaya fari ya mayar da shi da dauɗa ba. Na kira taro na kafa doka. Na ɗaya, kowace na'ura a ɗinka mata riga. Na biyu, shadda a waje, leda a ciki don kada hayaƙi ya ratsa. Na uku, a sa zif. Ni na yanka duka goma sha biyun da hannuna, awo ɗaya.

Malam Goni ya juya tasa a hannu ya ce, "Bukar, in ka toshe mata hanci, da me za ta sansana?"

Na ce, "Baba, waya tana cikin aljihu take kama sabis. Wannan kuwa ta fi waya tsada."

Ya yi tari, ya ja zif, ya rataya. Ranar ta takwas na cire rigunan na adana, na goge na'urorin da tsumma mai laushi. Malama Hadiza ta ce ba a taɓa dawo mata da kaya da tsafta haka ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Bayan watanni sakamako ya zo. Layin masu gyaran janareto na Sabon Gari ne ya fi muni, su aka kafa wa sola. Layinmu kuwa, wai a duk inda aka auna babu mai iska mai kyau kamarsa. Har cibiyar ta gayyaci wakilin layin da ya fi muni da na wanda ya fi kyau su zo Kumasi taro, ni in yi wa masana bayanin sirrinmu. Na yi mamaki, amma ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ɗinka riga ta goma sha uku da shadda mai tsada, na yi mata aiki a gaba, in kai wa shugaban cibiyar tsaraba ya ga yadda muka riƙe musu kaya. Da na je sallama, Malam Goni ya ce, "Ka gaishe su. Ka ce mai tarin ƙarya yana gaisuwa."

Yanzu sai hanya. Malama Hadiza da sauran malamai ta jirgi suka tafi. Mu da takardar gayyata ta kira wakilan al'umma aka sa mu a mota. Masu auna hayaƙi ta sama, masu shaƙarsa ta ƙasa.

Abokin tafiyata shi ne Alhaji Rasaki, shugaban masu gyaran janareton. A Sabon Gari aka haife shi, nan ya girma, kuma ban taɓa haɗuwa da mai surutu kamarsa ba. Tun a tashar manyan motocin Legas ya hango ni ya ɗaga murya, "Ga Sarkin Iska! Ku matsa, kada numfashinku ya ɓata shi!" An rubuta a tikiti mota za ta tashi ƙarfe biyu. Na zo ɗaya da rabi. Ta tashi biyar saura. Kafin mu wuce Kura wani mai magani ya miƙe a tsakiyar mota da ƙullin gari, wai yana wanke huhu da ƙoda da hanta, yana kuma ƙara ƙarfin gani. Alhaji Rasaki ya sayi uku, ya miƙo mini ɗaya, sannan ya janye ya ce, "Af, na manta. Ku 'yan Fagge huhunku sabo ne a leda."

A lokacin ban san maganarsa ta yi kusa da gaskiya haka ba.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Nan muka koma ƙaramar mota mai bin bakin teku. Boda uku ake wucewa kafin Gana, kowace kuma gida biyu ce, na fita da na shiga. Takarduna suna cikin jaka a jere, fasfo a sama, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashinsa, takardar gayyata a ƙasa. Na Alhaji Rasaki suna aljihu huɗu daban-daban, katin rigakafinsa da shatin babban yatsa na baƙin mai. Shi aka sallama cikin minti biyu, saboda ya sa ma'aikacin dariya. Ni aka tsayar. Wani ma'aikaci ya zazzage jakata ya ɗago rigar na'urar da yatsa biyu ya tambayi ko laya ce. Direbanmu ya yi tafinta. Na ce rigar na'ura ce. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi ta dariya, sannan ya sa a tambaye ni ko na'urar tana da hula da takalmi. Na ce a gaya masa ya mayar mini da kaya yadda ya same su. Bai mayar ba.

A Kwatano na ga fetur a manyan kwalabe ana sayarwa a gefen titi kamar zoɓo, da 'yan acaɓa ba iyaka, da mata a kan babur suna gudu ba mai kallonsu. Alhaji Rasaki ya sauke gilashi yana shaƙar hayaƙi yana faɗin ciwon kowane inji. "Wannan baƙin mai ya yi masa yawa. Wancan zobe ne ya cinye." Togo kuwa siririya ce, kafin in gama gyara zama an ce a fito da fasfo. A nan aka ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya. Na ƙi. Agogon nan shekara goma sha biyar bai yi mini ƙarya ba, ba zan koya masa a ƙasar mutane ba. Sakamakon haka duk kwanakin da na yi a Gana ina riga kowa zuwa ko'ina da awa guda, in zauna ni da masu shara.

Abin da ya fara tayar mini da hankali a Kumasi shi ne tufafin maza. Mun shiga ranar Asabar, ranar da suke bikin mutuwa, gari ya cika da ja da baƙi, ana kiɗa ana rawa, ga hoton mamaci ƙato a kan allo kamar ɗan takara. Manyan mutane, masu furfura, kowa ya yafa zane yadi wajen goma, kafaɗa ɗaya a waje, babu inda allura ta taɓa. In iska ta kaɗa ya gyara, in zai gaisa ya gyara. Na ce wa Alhaji Rasaki, "Da me telolin garin nan suke ci?" Ya ce, "Da rigunan na'ura."

An sauke mu a masaukin baƙi na jami'ar. Abu ɗaya ya burge ni, a bayan ƙofa an manna dokoki an jera su da lamba. Amma babu buta a banɗaki, sai da na yanke bakin gorar ruwa. Mun yi gardamar alƙibla da Alhaji Rasaki har sai da mai gadi, wani ɗan Zango, unguwar Hausawan garin, ya zo ya nuna mana wani gefen da ba nawa ba, ba nasa ba. Abinci kuwa, an ba mu dokunu, wato ƙullin masara mai tsami a cikin ganye, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Na ci don kada a ce. Washegari aka kawo shinkafa da wake, na yi murna na ga ɗan gida, sai na tarar an ɗora masa taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji, duk a faranti ɗaya, ba a san wa ke gaba ba. Na ware kowanne gefe guda na ci ɗaya bayan ɗaya. Sakwararsu kuma wai ba a taunawa, haɗiya ake yi. Ni na tauna.

Ranar Litinin aka zaga da mu cibiyar. Wadda aka haɗa mu da ita wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi. Hausarta irin ta can ce, amma ana ganewa sarai, kuma ba ta da wasa a wurin aiki. Aka ba mu fararen riguna mu ɗora. Ɗinkin ba kyau, hannun dama ya fi na hagu tsawo.

Ɗaki na farko na ruwa ne. Kwalabe a jere, kowace da lamba, wannan daga rijiya, wannan daga famfo, wannan daga rafin da ke bayan masu haƙar zinariya. Ɗaki na biyu na jini ne da farce da gashi. Ta ce dalma da sauran guba in sun shiga jiki suna barin shaida a nan, ko mutum bai san ya sha ba. Na ce a Kano in ka nemi farcen mutum da gashinsa, ba likita za a kira ka ba. Ta ce a nan ma haka ne, shi ya sa sai sun zauna da mutane sun yi bayani, mutum ya sa hannu ya yarda. Ɗaki na uku aka matse mana hanci da wani abu kamar abin maƙale shanya a igiya, aka ce mu hura iska a bututu iya ƙarfinmu. Alhaji Rasaki ya hura har hularsa ta faɗi. Ni na hura, ta dubi allon kwamfuta, ta dube ni, ta ce in sake. Na sake. Ta rubuta wani abu a takarda. Ta ce duk waɗannan ake haɗawa da tambayoyin da aka yi wa mutane, da me kuke girki, taga nawa ne a ɗaki, da kuma yawan masu zuwa asibiti da tari daga unguwar, sannan a ga ko abin da ke cikin iska shi ne ke cikin ƙirji. Tsarin ya yi mini. Komai da lamba, komai da gurbinsa.

Ɗaki na huɗu shi ne na iska. Akwai sikeli a cikin akwatin gilashi wanda ko numfashi ba a yarda a yi kusa da shi ba. Ta ɗauko na'ura irin tamu ta kunna ta kara mini a kunne, na ji tana zuƙa a hankali. Ta nuna mini wata 'yar ƙofa a samanta kamar hancin ɗan tsako. Ta buɗe cikin, ta sa hantsaki ta ɗago wata farar takarda zagayayya kamar kwabo.

Ta ce, "Ta nan iska ke shiga, kamar hancinka. Takardar nan ita ce huhu. Muna auna nauyinta kafin, muna aunawa bayan. Abin da ya ƙaru, shi mutum ya shaƙa."

Na ce, "To, in wani abu ya rufe ƙofar fa?"

Ta ce, "Wa zai rufe?"

Sai ta jawo wani faranti mai gurabu. Jeri na sama takardun Sabon Gari ne, baƙaƙe kamar gindin tukunya. Alhaji Rasaki ya dafa ƙirji ya ce, "Namu ne! Masha Allahu." Jeri na ƙasa goma sha biyu ne, farare kamar yanzu aka yanko su daga bandir.

Hajiya Memuna ta ce, "Naku ke nan. Ni shekara da shekaru ina wannan aiki, ko a unguwar manyan malamai ban ga fari haka ba. Na gaya wa Farfesa, shugabanmu, ban yarda ba. Ya ce na'ura ba ta ƙarya." Ta rufe farantin. "Kuma ka ji huhunka da na gwada yanzu, bai yi kama da mai wannan takarda ba."

Na tambaye ta ko za a sake raba sola. Ta ce ana sa rai, kuma da wannan jerin za a bi, daga mafi baƙi zuwa ƙasa. Wato Fagge ce ta ƙarshe.

Da aka tashi cin abincin rana na ja Alhaji Rasaki gindin wata bishiya na gaya masa komai, na nuna masa rigar. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya huce ya share hawaye ya ce, "Sakatare, ka ji shawarar ɗan'uwa. Mayar da abin nan jaka. Gobe ka tashi ka ce kuna share layi safe da yamma, kuna yayyafa ruwa. A tafa maka, ka karɓi takardar yabonka, mu koma. Wa ya sani? Ni dai bakina alaikum."

Na ce, "Kai da bakinka alaikum? Kafin mu kai Togo direba ya sani."

Ya ce, "To ko na faɗa, wa zai yarda da ni? Amma in kai ka faɗa, wallahi har jikokinka sai an kira su 'yan rigar na'ura. Kuma yarinyar nan Hadiza, aikinta na shekara ne za ka zubar."

Gaskiya ya faɗa, duka biyun. Shekara goma sha ɗaya ina sakatare ba a taɓa kama ni da kuskuren ko kwanan wata ba. Amma in na yi shiru, an rubuta ke nan a littafin jami'a cewa ƙuryar Malam Goni iskarta lafiya lau, kuma duk mai tallafin da zai zo nan gaba littafin zai buɗe, ba zai shigo lungun ba.

Washegari na riga kowa zuwa ɗakin taro. Aka rataya mana suna a wuya kamar kayan awo. Mutane sun zo daga ƙasashe, har da Turawa. Al'adarsu ita ce kowa ya tashi ya nuna zane-zane a majigi, a tafa, a fita shan shayi, a dawo a sake. Sun sha shayi sau uku kafin azahar. Sannan Farfesa, shugaban cibiyar, ya tashi. Dattijo ne mai fara'a. Ya haska taswirar layinmu da aka ɗauko daga sama, na gane rufin shagona. Ya zana kibau shuɗɗa suna shiga ta bakin layin suna fita ta ƙurya. Malama Hadiza tana gefena tana fassara mini a hankali. Wai ƙuncin lungun ne ke sa iska ta yi gudu ta kwashe hayaƙi, wai hikima ce ta magina na da, wai ya kamata sauran birane su koya. Kibiya mafi kauri ta bi ta kan shagon Malam Goni daidai, inda ko labule ba ya motsi.

Aka kira ni. Malama Hadiza ta tsaya kusa da ni da abin magana. Na yi sallama, na ce bayanina kashi huɗu ne.

"Na ɗaya, a layinmu babu iska. Wanda ya ce akwai, ya zo ya tsaya."

Ta ɗan dube ni, ta fassara.

"Na biyu, an ba mu kaya farare, mu kuwa teloli ne. Na uku," sai na zaro rigar na ɗaga, "wannan na ɗinka wa kowace ɗaya. Shadda a waje, leda a ciki, da zif. Kwana bakwai suna ciki."

Malama Hadiza ba ta fassara ba. Ta tsaya tana kallon rigar, bakinta a buɗe. Ta ce da ƙaramar murya, "Sakatare, don Allah ka ce wasa kake."

Na ce, "Malama, ban taɓa wasa a taro ba. Fassara, akwai na huɗu."

Ta fassara. Daga can baya aka ji dariyar mutum ɗaya, Hajiya Memuna ce, ta kasa riƙewa har ta fita.

"Na huɗu, laifin nawa ne, ni na kafa dokar. Akwai tsoho a layinmu da ya gaya mini kada in yi, ban ji ba. Shi ne ya ce in gaishe ku. Yana tari. Ku dawo ku sake awo."

Farfesa ya taso ya karɓi rigar. Ya sa aka kawo na'ura, ya zura ta ciki, ya ja zif. Ta zauna cif, ba ragi ba ƙari, don ni ba na kuskuren awo. Ya daɗe yana kallonta. Kibansa suna nan a bango a bayansa, ba wanda ya tuna ya kashe majigin. Wata Baturiya ta ɗaga hannu ta ce wannan babban darasi ne, ya kamata a shirya taro na musamman a kansa, ta nemi izinin ɗaukar hoton rigar. Aka tafa. Ban san me aka tafa wa ba. Aka fita shan shayi.

A baranda Malama Hadiza ta same ni, idonta ja. Ta ce, "Me ya hana ka tambaye ni? Lambata tana jikin takardar. A layi na biyu an rubuta kada a rufe."

Na ce, "Da Turanci aka rubuta, Malama, da baƙaƙen da sai an sa tabarau biyu. Laifina na ɗauka a gaban mutane. Amma kwana bakwai, daga jami'arku zuwa Fagge kuɗin adaidaita ne. Da kin leƙo sau ɗaya da kin ga mutum goma sha biyu da shadda a ƙirji. Kuma da sakamako ya fito, kin taɓa tsayawa a layin nan, idonki ya yi ruwa, na gani. Me ya sa kika yarda da takarda kika ƙaryata idonki?"

Can ta ce, "Farfesa ne ya ce."

Na ce, "Ni ma haka telolina suka ce, Sakatare ne ya ce."

Takardar yabon an riga an buga ta da sunana, saboda haka wani ma'aikaci ya miƙo mini ita a ambulan a bakin mota, yana kallon gefe. Dawowa ba abin faɗi, sai dai hasashena bai cika ba, ba a kai Togo ba, tun kafin mu fita Kumasi direba ya sani.

A Fagge an yi taro a kaina. Wasu suka ce in sauka, na jawo mana asarar sola. Wasu suka ce wa zai riƙa rubuta musu takarda. Aka bar ni, amma sunan da Alhaji Rasaki ya yi mini alkawari ya riga ni isowa layin.

Bayan wata biyu Malama Hadiza ta dawo da na'urorin. Wannan karon ita da kanta take zuwa kullum da safe ta rataya wa kowa, da yamma ta dawo ta cire takardar da hantsaki. Telolinmu kuma suka zo da sabuwar dabara, wai a riƙa kara na'urar a bakin salansar janareto don mu wuce Sabon Gari. Na ce duk wanda na kama zan karanta sunansa a taro. Mun yi ƙarya sau ɗaya ba da sani ba, ba za mu yi ta biyu da sani ba. Har yau da nake rubutun nan ba a kafa mana sola ba. An dai ce sunanmu ya koma cikin jeri, kuma ba a ƙasa ba.

Yammacin ranar farko ta zo shagon Malam Goni ina wurin. Ta sa safar hannu, ta buɗe na'urarsa, ta ɗago takardar. Ba na jin akwai zare mai wannan baƙin a duk kasuwar Kwari. Tsohon ya gyara tabarau ya matso da fuska.

Ya ce, "'Yata, wannan na kwana nawa ne?"

Ta ce, "Na yau ne kawai, Baba. Daga safe zuwa yanzu."

Ya gyaɗa kai. Ya jira tarin ya lafa, sannan ya juyo gare ni. "Bukar, shekara arba'in da shida nake a ƙuryar nan, fiye da ashirin da janareto. Kai ne mai son jera abu. Jera mini."

Biro yana aljihuna, littafin ƙungiya yana hannuna. Na ce masa ban zo da abin rubutu ba.